Yaronku Na Son Malanta a Amurka: Wane Kwas Zai Ɗauka Tun Yana Sakandare?

Tsakanin Janairu da Maris yawancin makarantun sakandare na Amurka kan turo takardar zaɓen darussan shekara mai zuwa. Yaro ɗan aji 10 ko 11 (a can aji 12 ne ƙarshen sakandare) zai miƙo ta ya ce ana so a sa hannu kafin Juma'a, uba ko uwa kuma a sa hannun a tsaitsaye, ana sauri a tafi aiki. Ga iyalan Hausawa mazauna Houston, Columbus, Bronx, Greensboro ko kewayen Baltimore da ɗansu ko 'yarsu ta fara cewa koyarwa take so, wannan takarda ta wuce a sa mata hannu a tsaye. Abin da aka zaɓa a cikinta zai iya rage wa gida kuɗin jami'a na shekara guda. Zai kuma iya barin tabo a takardar sakamakon yaro tun bai taka ƙofar jami'ar ba.

Ga yadda lissafin yake. Digirin farko a Amurka kiredit 120 ne a mafi yawan jami'o'i, kwas ɗaya kuma yawanci kiredit 3. Kiredit shi ne awon da ake lissafa nauyin kowane kwas da shi. Tsarin da suke kira dual credit shi ne ɗalibin sakandare ya ɗauki kwas na kwaleji, a rubuta masa sakamakon wuri biyu: a takardar sakandare, da kuma a ta kwalejin. Jihar Minesota ce ta fara buɗe wannan ƙofa ga ɗalibanta 'yan aji 11 da 12 a faɗin jihar a 1985, kuma zuwa shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 ɗaliban sakandare kusan miliyan 2.5 ne ke cikin irin wannan tsari a faɗin ƙasar. Ga mai son malanta hanyoyi uku ne a gabansa: ajin koyon malanta da ake yi a cikin sakandaren, ko kwasa-kwasan gama-gari na kwalejin shekara biyu, ko kuma darussan AP, masu nauyin kwas na jami'a, da ake rubuta jarrabawarsu a ƙarshen shekara. Kowace da aikin da take yi, kuma yawan asarar da ake yi daga ɗora wa ɗaya aikin ɗaya take fitowa.

Da farko a cire wani zato daga rai. Wanda ya tashi a Arewa ya san zamanin kwalejojin horon malamai, lokacin da yaro zai shiga daga firamare, ya yi shekara biyar, ya fito da takardar Grade II a ba shi aji da alli. Babu ko ɗaya cikin waɗannan hanyoyi na Amurka da ke yin haka. Lasisin koyarwa a makarantar gwamnati jiha ce ke bayarwa, kuma sai da digirin farko, da koyarwar gwaji, da jarrabawar lasisi, wadda a jihohi da yawa ita ce Praxis. Duk abin da yaro zai tara a sakandare share fage ne. Idan wani ya ce muku yarinya za ta gama aji 12 ta zama malama, to mataimakiyar malama yake nufi, kuma albashin biyun ko kusa ba ɗaya ba ne.

Ajin koyon malanta

Mafi daɗewa kuma mafi suna shi ne Teacher Cadet na jihar Karolina ta Kudu, wanda aka fara gwajinsa a makarantu huɗu a shekarar karatu ta 1985 zuwa 1986, cibiyar CERRA da ke Jami'ar Winthrop ce kuma ke kula da shi. Ba kowa ake ɗauka ba: ana neman matsakaicin maki, wanda suke kira GPA, ya kai 3.0 cikin 4.0, da shaidar malamai a rubuce, da ɗan rubutu daga ɗalibin kan dalilinsa na son shiga. Wanda ya kammala yana samun kiredit 3 daga kwalejin da makarantarsa ke haɗin gwiwa da ita. A Maryland akwai Teacher Academy of Maryland, mai kwasa-kwasai huɗu a jere: girma da tarbiyyar yaro, malanta a matsayin sana'a, tushen manhaja da dabarun koyarwa, sai zaman horo a aji na gaske. Teksas na da nata jerin, wanda ke ƙarewa da kwasa-kwasan da ɗalibi ke fita zuwa wata makaranta ya taya malama aiki, kuma wanda ya kai shekara 18 ya cika sharuɗɗa zai iya neman takardar mataimakin malami ta jihar. A Kolorado akwai Pathways2Teaching na Jami'ar Kolorado reshen Denver, tun 2010, wanda aka gina musamman don jawo 'ya'yan baƙar fata da na sauran tsirarun ƙabilu cikin aikin.

Kiredit ɗin da ake samu a nan kaɗan ne, 3 ko 6, wani lokacin 9, kuma shi ne mafi wuyar tafiya zuwa wata jami'a. Jami'ar da ba ta da yarjejeniya da makarantar za ta iya karɓarsa a matsayin kwas na zaɓi kawai, wato ya shiga lissafin 120 amma bai sauke wa ɗalibi ko kwas ɗaya na dole ba. Idan don rage kuɗi kaɗai za a shiga, wannan ba ita ce hanyar ba.

Amfaninta na wani wuri daban. A ce yarinya 'yar shekara 17 ana kai ta makarantar firamare da ke kusa, sau biyu ko uku a mako, ajin 'yan shekara bakwai. Makon farko tana zaune a baya tana rubuta abin da ta gani. Daga nan a ba ta yara biyar a ƙaramin teburi ta taya su karatu. Ɗaya ya ƙi buɗe littafi, ɗaya na kuka don an ɗauke masa fensir, ɗaya kuma bai daɗe da zuwa ƙasar ba, Turancin ma bai zauna masa ba. Kafin ƙarshen zango za a ce ta tsara darasi na minti ashirin ta koyar da ajin gaba ɗaya, malama na gefe da takardar auna ta. Darasin da ta kwana tana shiryawa sai ya ƙare a minti takwas, yara ashirin da wani abu su zuba mata ido. A wannan tsayuwar ne take gane ko aikin nata ne. Wasu kan dawo gida da zumuɗin gyara darasin, wasu kuma su ce ko da kuɗi ba su komawa. Duka biyun riba ce ga iyaye, domin a tsarin jami'a na yau da kullum cikakkiyar koyarwar gwaji sai a zangon ƙarshe na shekara ta huɗu take zuwa, bayan an riga an biya kusan komai. Wanda ya gane a lokacin cewa ba zai iya aji ba, ya gane a makare.

Saboda haka kafin a sa hannu a tambayi makaranta abu ɗaya: awa nawa ɗalibi zai yi a aji na gaske, tare da yara? Akwai makarantun da ajin malantarsu bai wuce ƙungiyar bayan tashi ba, ana taro, ana zuwa gasar ɗalibai masu son malanta ta Educators Rising, ana ƙawata allon sanarwa. Ƙungiyar ba laifi, tana sa yaro ya saba da tsayawa gaban mutane. Sai dai ba ta maye gurbin teburin yara biyar ɗin nan. A kuma tambayi wa zai riƙa kai ɗalibin can, don a wasu gundumomi ba a ba da mota, kuma ba kowane gida ke da motar da za a bar wa yaro da hantsi ba.

Iyaye mata kan damu da maganar hijabi. A da akwai jihohin da dokarsu ta hana malamin makarantar gwamnati sa tufafin addini a aji. Oregon ta soke tata a 2010, Nebraska a 2017, Pennsylvania kuma, wadda ta rage ta ƙarshe, a 2023.

Kwasa-kwasan gama-gari

Nan kuɗin yake. Shekara biyun farko na kowane digiri a Amurka, har da na malanta, galibinsu darussan kowa da kowa ne: rubutun Turanci kashi na ɗaya da na biyu, lissafi, tarihin Amurka, tsarin gwamnati, kimiyya mai ɗakin gwaji, ilimin halayyar ɗan Adam, iya magana a gaban jama'a. Waɗannan su ne kwalejojin shekara biyu ke koyar wa ɗaliban sakandare, kuma a jihohi da yawa kyauta ne ko kusa da kyauta. A Ohio shirin College Credit Plus na biyan kuɗin kwas da littattafai ga ɗaliban makarantun gwamnati tun daga aji 7. A Karolina ta Arewa Career and College Promise ba ya karɓar kuɗin kwas, yana neman GPA 2.8 ga 'yan aji 11 da 12, kuma yana da layi na musamman ga masu shirin malanta. A birnin New York akwai College Now na jami'ar CUNY. Jojiya na biya, amma tun 2020 ta tsayar da abin da take ɗaukar nauyi a kiredit 30. Teksas kuma tun dokar 2023 ta sauke kuɗin daga kan 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi a kwalejojin da suka shiga shirin.

Irin waɗannan kwasa-kwasai sun fi saurin karɓuwa, matuƙar yaro zai tsaya a jami'ar gwamnati ta jiharsa. A Teksas, alal misali, wanda ya kammala kiredit 42 na darussan tushe a wata kwalejin gwamnati, doka ta wajabta wa kowace jami'ar gwamnati ta jihar ta karɓe su dunƙule. Da zarar an tsallaka iyakar jiha, ko aka nufi jami'a mai zaman kanta mai tsananin zaɓe, wannan kariyar ta ƙare. Wasu daga cikinsu ba sa karɓar kwas ɗin da aka koyar a cikin ginin sakandare, ko wanda aka riga aka lissafa shi cikin sharuɗɗan kammala sakandaren. Ofishin binciken kuɗi na gwamnatin tarayya, GAO, ya ƙiyasta a rahotonsa na 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kusan kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Ba a kan 'yan sakandare kaɗai aka yi lissafin ba, amma ramin ɗaya ne.

Akwai kuma tarko na musamman ga mai son koyar da firamare. Digirin nan yana da nasa darussan lissafi da aka tsara don malaman ƙananan yara, da nasa jerin kimiyya da tarihi. Yaro zai iya tara kiredit 40 masu kyau, ya je ya tarar 12 daga ciki ba su da gurbi a tsarin digirin da ya zaɓa. Maganin abin shi ne a fara daga ƙarshe: a buɗe shafin sashen ilimi na jami'a biyu ko uku da ake hari, a sauko da jadawalin digirin zango bayan zango, a ajiye shi kusa da jerin kwasa-kwasan da kwaleji ke bayarwa, a zaɓi waɗanda sunansu da lambarsu suka dace. Aikin yamma ɗaya ne. Jami'in ba da shawara na sakandare yana da ɗalibai ɗaruruwa a wuyansa, ba lallai ya zauna ya yi muku shi ba.

Sai maganar da ba a cika faɗa wa iyaye a taron gabatarwa ba. Sakamakon kwas na kwaleji ba ya gogewa. Yaro ɗan shekara 16 da ya yi sakaci ya samu maki mai rauni, wato D, wannan D ɗin zai bi shi duk inda ya nemi shiga, kuma sashen ilimi na jami'a yana da nasa shingen GPA kafin ya karɓi ɗalibi a shekara ta uku, yawanci tsakanin 2.5 da 3.0. Tallafin karatu na tarayya ma yana duba ko ɗalibi na cin yawancin kwasa-kwasan da ya yi rajista, kuma waɗanda ya faɗi ko ya janye daga cikinsu tun yana sakandare za su iya shiga lissafin. A Ohio gundumar makaranta na da damar neman iyaye su biya kuɗin kwas ɗin da yaro ya faɗi, sai dai in gidan na cikin masu ƙaramin ƙarfi. Malamin kwaleji kuma ba zai kira ku ya ce yaronku bai kawo aiki ba. Dokar sirrin bayanan ɗalibi tana ɗaukar wanda ya yi rajista a kwaleji a matsayin mai iko da takardunsa ko da bai kai 18 ba, don haka uban da ya saba ganin kowane maki a wayarsa zai iya jin shiru har zango ya ƙare.

Wasu makarantu na tallata kammala digirin shekara biyu, kiredit 60, rana ɗaya da kammala sakandare. A Teksas da Maryland har akwai nau'insa na malanta mai suna AAT. A takarda abin sha'awa ne: shekara biyu kacal a jami'a, rabin kuɗi. Ni dai ina ɗari-ɗari da shi ga yawancin yara. Yana cinye jadawalin aji 11 da 12 har ya zama babu wurin ajin koyon malanta mai fita aji, wanda shi ne zai nuna ko hanyar ta dace. Sannan ɗalibi ya shiga jami'a yana ɗan 18 a matsayin ɗan shekara ta uku, a ce ya nemi shiga sashen ilimi nan take, ba shi da zangon da zai waiwaya ya sake shawara. In kwas ɗaya na sharaɗi ya ɓace, tunda darussan sashen a jere suke kuma wasu sau ɗaya ake bayarwa a shekara, sai ya zauna jiran zango ko shekara, ribar ta ragu. Wanda kuma zai koyar a sakandare zai tsaya gaban 'yan 17 yana ɗan 20. Ga yarinyar da ta riga ta gwada aji ta tabbata, za ta koyar da firamare, za ta kuma zauna a jiharta, tsarin na da kyau ƙwarai. Ga wanda har yanzu yau malanta gobe aikin jinya, kiredit 15 zuwa 30 na darussan tushe sun ishe shi, tunda za su yi masa amfani ko wane digiri ya koma.

Darussan AP

AP na hukumar College Board ne. Ana karatun shekara guda a sakandare, a rubuta jarrabawa a watan Mayu, sakamako ya fito a Yuli da maki 1 zuwa 5. Kuɗin kowace jarrabawa na kusa da dala 100, ana rage wa masu ƙaramin ƙarfi. Jami'o'in gwamnati da yawa na ba da kiredit daga maki 3, masu tsananin zaɓe kuma sai 4 ko 5. Rauninsa a fili yake: shekara guda ta rataya a kan safiya ɗaya. Amma wanda bai ci ba bai bar tabo a takardar kwaleji ba, kuma makin AP ya fi tsallaka iyakar jiha cikin sauƙi, abin lura ga gidan da aiki zai iya mayar da shi wata jiha, ko yaron da ke harin jami'a mai nisa.

Babu darasin AP na koyon malanta. Duk da haka shi na fi zaɓa wa wanda ke son koyar da lissafi, kimiyyar sinadarai ko fiziks a sakandare, domin irin wannan malami a fanninsa yake yin mafi yawan digirinsa, darussan koyarwa su zo a kai. Abin da zai kayar da shi a jami'a lissafin shekarar farko ne, ba gabatarwa ga ilimin koyarwa ba. Waɗannan fannoni kuma, tare da koyar da yara masu buƙata ta musamman da koyar da Turanci ga 'ya'yan baƙi, su ne inda gundumomi suka fi ƙarancin malamai. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, wataƙila da Faransanci in iyayen daga Nijar suke, yana da abin da zai nuna a fanni na ƙarshen nan.

Kuɗin da ke zuwa da igiya

Ajin koyon malanta kan buɗe ƙofar tallafi, a nan ma sai an karanta ƙananan rubutu. Teaching Fellows na Karolina ta Kudu na ba da har dala 6,000 a shekara tsawon shekara huɗu, da sharaɗin koyarwa a makarantar gwamnatin jihar shekara ɗaya a madadin kowace shekarar da aka karɓa. TEACH Grant na tarayya na kaiwa dala 4,000 a shekara, ga ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, da alkawarin koyar da fannin da ake ƙarancinsa a makarantar 'ya'yan talakawa shekara huɗu cikin takwas. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: wanda bai cika alkawarin TEACH ba, kuɗin na komawa bashi, da ruwan da ake lissafawa tun daga ranar da aka ba shi. Ga gidan da ke gudun bashi mai ruwa saboda addini, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma dalili ne na kada a karɓa sai yaro ya riga ya ɗanɗani aji. Kolorado ta bi wata hanya a 2021 da shirin TREP, wanda aka kafa don barin ɗalibin da ya fara layin malanta a sakandare ya ci gaba da kwasa-kwasan kwaleji har shekara biyu bayan aji 12 ba tare da biyan kuɗin kwas ba.

Dalilin da ya sa duk wannan ƙididdiga ta fi muhimmanci ga malami a kan injiniya shi ne albashi. Ƙungiyar malamai ta NEA ta sa matsakaicin albashin sabon malami a dala 44,530 a shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, kafin haraji, kuma zangon koyarwar gwaji a yawancin wurare ba a biya, ga shi aikin yini cur ne da ke hana ɗalibi wani aikin. Kowane kiredit da aka samu kyauta kuma ya zauna a gurbinsa, bashi ne da ba a ci ba.

Da ni ake tsara wa, a aji 11 zan sa kwas ɗaya na kwaleji a zangon farko, rubutun Turanci ko ilimin halayyar ɗan Adam, in ga yadda yaron zai riƙe kansa ba mai bin sa. In ya fito da A ko B a ƙara zuwa biyu. Ajin malanta mai fita aji ya shigo a aji 11 in makaranta ta yarda, don a samu amsa kafin cike takardun jami'a a kakar aji 12. Mai harin koyar da kimiyya ya ba AP na lissafi wuri ko da zai rage kwas na kwaleji. A ranar farko ta kowane kwas na kwaleji kuma, ku sa yaron ya nuna muku jadawalin kwas ɗin, ku nemo ranar ƙarshe ta janyewa ba tare da an rubuta komai a takarda ba, ku sa ta a wayarku. Kwana uku kafin ranar ku zauna da shi ya buɗe muku makinsa.